DARASI: GIDAN FARKO, DA INDA MUSULMI ZAI SAMO KUƊINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya gidaje su zama sutura da wurin natsuwa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana kan wata tambaya wadda ba ta yankewa a ƙofar masallatanmu, daga Yamai har Damagaram. Magidanci ya shekara goma yana haya, yara sun fara girma, maza da mata suna kwana ɗaki guda, sai ga saƙon mai gida cewa yana son gidansa domin ɗansa zai yi aure. Mutumin nan ya zo bayan sallar Magariba ya durƙusa gaban liman, ya ce banki ya yarda ya ba shi bashi ya yi gini, a riƙa cirewa daga albashinsa duk wata. Shin ya halatta? Da yawanmu mukan ce masa haramun ne, mu ɗauki takalmanmu mu tafi. Amsar daidai ce, amma mun bar shi inda muka same shi. Wanda ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa, haƙƙi ne a kansa ya nuna masa wata, kuma abin da muke son yi ke nan a yau, da yardar Allah.

Matsayin gida a Shari'a

Mu fara da abin da Allah Ya ɗora, domin da yawa suna ɗora wa kansu abin da ba a ɗora masu ba. A cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa gida cikin ni'imominSa. A Suratuɗ Ɗalaƙi kuma, aya ta 6, Ya umurci maza da su zaunar da mata inda su kansu suke zaune, gwargwadon samunsu. Malamai sun haɗu a kan cewa mazauni haƙƙin mace ne a kan mijinta, kamar ci da tufafi. Sai dai ba su sharɗanta ya zama mallakarsa ba. Wanda ya kama haya mai sutura, ko aka ba shi aron gida, ya sauke wajibi.

Annabi (S.A.W.) da ya isa Madina, a gidan Abu Ayyubal Ansari ya sauka, ya zauna kimanin wata 7 a gidan da ba nasa ba. Filin da aka gina masallaci na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da ya saya, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ɗakunan iyalinsa kuwa da tubalin laka da reshen dabino aka yi su, har Hasanul Basri ya ba da labari cewa yana yaro yakan shiga ya taɓa rufinsu da hannu. Ba muna cewa son gida mai yalwa laifi ne ba, ai hadisi ya ƙidaya shi cikin jin daɗin ɗan Adam. Abin da muke cewa shi ne, da yawan bashin da ke karya magidanta ba na sutura ba ne, na gasa ne: wane ya zuba dakali ya kafa ƙofar ƙarfe mai ado, ni ma sai na yi.

Bashin banki da kuɗin ruwa

Harshenmu yana da wani tarko a nan. Kalmar "riba" muna faɗinta ga abin da ɗan kasuwa ya samu a cinikinsa na halal, muna kuma faɗinta ga abin da Alƙur'ani ya haramta, bambancin a furuci ne kawai, a rubuce kuwa babu shi. Don haka a wannan darasi, wadda aka haramta za mu kira ta kuɗin ruwa, wato duk ƙarin da aka sharɗanta a kan rance saboda jinkirin biya.

Ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara sun isa hujja, kuma a cikinsu ne Allah Ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Kada mai karɓar bashi ya ce laifin na banki ne shi kaɗai, domin hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai ci, da mai bayarwa, da marubuci, da shaidu biyu cikin la'ana guda.

Bari mu buga misali da lissafi, domin mutane da yawa suna sa hannu ba su ƙirga ba. Wanda ya ranci miliyon 5 na sefa, da ruwa 10 cikin 100 a shekara, zai biya cikin shekara 10, to duk wata za a cire masa kimanin jika 66. In ya gama, ya biya kusan miliyon 8. Wato kusan miliyon 3 sun tafi ba su zama tubali ko kwano ba. In kuma ciwo ya kwantar da shi, ko aka sallame shi daga aiki, ruwan ba ya jin ciwo, ba ya kuma zuwa ta'aziyya.

Wasu sukan ce ai gomnati ma ta hana cin kuɗin ruwa. Abin da dokar ƙasashen sefa ta hana shi ne wuce wani ƙa'idadden mizani; a 2014 an tsaida shi a kan 15 cikin 100 ga bankuna, 24 cikin 100 ga ƙananan asusun ba da rance. Abin da bai kai haka ba doka ba ta ɗauke shi laifi ba. Shari'a kuwa ba ta da wannan mizani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda, wadda take ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da Nijar ke cikinta, ta zauna a watan Maris na 1990 a kan wannan mas'ala ta gidaje musamman. Ta tabbatar da cewa mazauni buƙata ce ta asali, ta kuma yanke cewa rancen gina gida da ruwa haramun ne, ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Sai maganar larura. Gaskiya ne a 1999 wata majalisar fatawa ta Turai ta yi sauƙi ga Musulmin can su sayi gidan zama da bashin banki in babu wata hanya, kuma malamai da yawa sun saɓa mata tun a lokacin. Ko ga waɗanda suka karɓe ta, fatawa ce ta tsirarun Musulmi a ƙasar da mutum ba ya iya sayen fili ya kafa bukka ya shiga. Mu a nan muna iya zagaye fili da darni, mu gina ɗaki guda na laka bana, mu ƙara wani baɗi. Wanda yake da wannan hanya, ko yake da hayar da yake iya biya, yana cikin ƙunci, ba mu musa ba, amma bai kai ga larurar da ke halatta mushe ba.

Dattawanmu kuma sun ga abin da ya isa wa'azi. A 1990 babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, kuɗin ƙarfe da kwano suka tashi, gine-gine suka tsaya a kan lintal. A shekarun nan ma'aikata sun yi watanni ba albashi, har daga baya, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka biya wasu bashin albashinsu da filaye. Wanda ya jingina shekara goma na rayuwarsa a kan albashi, ya tuna da wannan. Hukuma ta yi nata ƙoƙari, tun daga kamfanin gine-gine na SONUCI har zuwa Bankin Gidaje na Nijar da aka buɗe a 2018, amma irin waɗannan hanyoyi sun fi isa ga mai takardar albashi. Tela, da mahauci, da ɗan kabu-kabu, da manomi, waɗanda su ne suka cika sahunmu, ba kasafai ake kiransu ba.

Bankunan Musulunci

Ƙasarmu tana da bankin Musulunci tun shekarun 1980, kuma a 2018 babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, ya fitar da ƙa'idojin da suka tsara wannan aiki, suka ba sauran bankuna damar buɗe sashen Musulunci. Ba aikinmu ba ne a nan mu wanke wani banki da sunansa ko mu soke shi. Aikinmu mu ba ku ma'auni, ku tafi da shi.

Cinikin da aka fi yi shi ne murabaha. Banki ya sayi gidan, ko siminti da ƙarfe da kwano, su zama nasa, sa'an nan ya sayar maka da ƙarin da kuka sani ku biyu, ka biya kashi-kashi. Sayar da kaya bashi da tsada fiye da kuɗin hannu ya halatta wurin jamhurun malamai, muddin an tsaida farashi guda kafin a rabu. Akwai kuma istisna'i, wato kwangila: ka siffanta gidan da kake so ɗaki-ɗaki, a gina maka a kan farashi da wa'adi sanannu. Akwai haɗin gwiwa mai raguwa: ku mallaki gida tare da banki, kana biyan hayar kasonsa, kana kuma sayen kason nan kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Majalisar Jidda ta yi bayanin sharuɗɗan murabaha a 1988, na istisna'i a 1992, na haɗin gwiwa a 2004.

Wani zai ce: in na ƙirga, abin da zan biya a murabaha ya yi kusa da abin da zan biya a bashin ruwa, to ina bambanci? Irin wannan magana ce aka ba da amsarta a aya ta 275. Naman yanka da naman mushe a ido ɗaya ne, a ma'auni ɗaya ne, amma kowa ya san wanda zai kai gidansa. Sai dai a tabbatar an yi yankan. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta ƙwarai a nan. A babin cinikin ina sun hana mutum ya ce wa wani: saya mini kaza da goma kuɗin hannu, ni kuwa in saye shi wurinka da goma sha biyu zuwa wani lokaci, domin sun ga rance ne aka lulluɓe da rigar ciniki. Malaman zamani da suka halatta murabaha ba su halatta ta sakaka ba. Don haka kafin ka sa hannu, tambayi ma'aikacin: shin kayan sun shiga mallakar banki kafin ya sayar mini? In motar siminti ta faɗi a hanyar Malbaza kafin a danƙa mini, asarar wa ce? In ya ce taka ce, ko ya ce za a zuba maka kuɗi a asusunka ka je ka saya da kanka a sunanka, to ka san sunan kawai aka canza. Annabi (S.A.W.) ya hana Hakimu bin Hizam sayar da abin da ba ya hannunsa, kuma banki bai fi ƙarfin wannan hani ba. Ka kuma tambaya: in na makara da biya, bashin zai ƙaru? Majalisar Jidda ta hana kowane ƙari. Wasu malaman zamani sun yarda a ɗora wa mai hali mai taurin bashi wata sadaka da ba ta shiga aljihun banki. In haka ne, a nuna maka a rubuce inda take zuwa. Ka nemi a ba ka takardar ka kai wa malamin da ya san fiƙihu, da wanda ya iya Faransanci, su karanta tare. Kuma halaccin ciniki ba ya nufin kana iya ɗaukarsa. Bashin halal ma bashi ne.

Gini sannu-sannu

Hanyar da mafi yawan gidajen garuruwanmu suka tashi da ita ba ta bi ta banki ba. Fili tukuna, sai katanga, sai ɗaki da bayan gida, a tare, kuɗin haya ya koma kuɗin tubali. Muna ganin ita ce ta fi dacewa da mafi yawanmu har gobe, kuma babu wani abin kunya cikinta.

Adashe yana cikin manyan ginshiƙanta. Mafi yawan malaman zamani sun halatta shi, domin kowa abin da ya zuba shi yake kwasa. Abin da ke ɓata shi shi ne sayen kwasa: mutum ya ce a ba ni tawa yanzu, na yafe jika 10 daga ciki. Wannan kuɗin ruwa ne tsantsa. Ladan uwar adashe kuwa, in an san shi tun farko a matsayin ladan wahalarta, babu laifi. Iyayenmu mata sun riga mu nisa a wannan fage. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 ya nuna abin da ƙaramin zubi na mako-mako ke iya tarawa, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Nasiharmu gare su ita ce duk ƙungiyar da ke ba ƴaƴanta rance da ƙari ta bar ƙarin, ta juya kuɗin cikin saye da sayarwa.

Ga wata dabara da fiƙihunmu ya buɗe, ba mu cika amfani da ita ba. Rancen kuɗi da adadinsa ake biyansa, ko darajarsa ta faɗi. Wannan ne ya sa masu hali da yawa suke tsoron ba da rance mai tsawo. To ai rance ba a kuɗi kaɗai yake ba. Wanda ya ranta maka buhu 40 na siminti, buhu 40 irinsa za ka mayar masa, ya yi tsada ko ya yi araha. Magidanta goma suna iya yin adashen siminti ko na kwano a kan wannan ƙa'ida. A kula dai, siminti ba ya son ajiya, damina ɗaya tana iya mayar da shi dutse. Wanda ya kwasa ya buga tubali nan da nan. Gayya ma ba ta mutu ba sai inda muka kashe ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma samari ashirin na unguwa suna iya kwaɓa lakar ɗaki a Lahadi biyu.

Mai tara kuɗin gida ya sani cewa niyyar gini ba ta kayar da zakka. In abin da ya tara ya kai nisabi, wato kimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, shekara ta zagayo a kansa, sai ya fitar da 2,5 cikin 100. Filin da ya saya don zama, da gidan da yake ciki, babu zakka a kansu.

Abin da ke zuwa ta hanyar dangi

A nan ne muka fi ganin kuka, kuma a nan za mu daɗe kaɗan.

Uba yakan nuna wa ɗansa fili ya ce na ba ka. Ɗan ya yi godiya, ya tafi Yamai ko Agadas neman kuɗin gini, bai kewaye filin ba, bai kafa shaidu ba, takarda tana sunan uba. Uban ya rasu. Duk wanda ya karanta Risala ya san hukuncin: a mazhabarmu kyauta ba ta cika sai da karɓa, in mai kyauta ya mutu kafin a karɓa, ta koma gado. Sai ka ga ƴan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan abin da rabin yini a ma'aikatar magajin gari zai iya kashewa. Uban da ke son taimakon ɗansa ya danƙa masa a fili, gaban shaidu, a sauya suna. Ya kuma tuna da hadisin Nu'umanu bin Bashir, inda Annabi (S.A.W.) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka keɓe ɗa guda da ita. Ƴaƴa mata suna cikin wannan adalci.

Wani kuma yakan zuba dukiyarsa ya gina ɗakunan siminti a cikin gidan gado da ba a raba ba, ko a filin da kawunsa ya ba shi aro. Ya sani cewa a fiƙihun Malikiyya, mai gini a filin aro, in wa'adin aron ya cika, mai fili yana da zaɓi: ya ce masa kwashe ginin, ko ya biya shi kimar kayan a rushe. Kimar gini a rushe kuwa kowa ya san ba ta kai rabin abin da aka kashe ba. A raba gado da wuri, kowa ya san taƙinsa kafin ya haƙa tushe. In ɗaya daga magada ya sayar da kasonsa ga bare kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shuf'a, su karɓe shi da farashin da aka saya. Amma wanda yake gari ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Ta wannan ƙofa magidanta da yawa za su iya mallakar gidan farko da rabin kuɗi, da sun sani.

Sai maganar matan aure, wadda ba mu cika son a taɓa ba. Sau nawa mace ta sayar da awakinta da ƴan kunnenta na zinariya, ta kwashe adashenta, aka sayi kwanon rufi da su, takarda kuwa tana sunan miji shi kaɗai? Ranar da ya rasu, tumuni ne rabonta in akwai ƴaƴa, shi ma ta raba da kishiyoyi. Ranar da ya sake ta kuwa, da akwatinta za ta fita. Dukiyar mace tata ce, ba ta halatta ga miji sai da daɗin ranta. Tun ranar da ta miƙa kuɗin a fayyace: kyauta ce, ko rance ne, ko tarayya ce cikin gidan? A rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ware miji da mata ko wa da ƙane ba. Kunyar rubutu ta minti biyar ce, shari'ar gado kuwa takan ci shekaru.

Muna kuma jan kunne a kan jinginar gona. Mutum ya karɓi rance don ya yi rufi, ya ba da gonarsa jingina, mai kuɗi ya yi ta nomanta shekara da shekaru, kuɗinsa kuma suna nan cif. Jingina kanta halal ce, aya ta 283 ta zo da ita, Annabi (S.A.W.) ma ya rasu sulkensa yana jingine. Amma amfanin gonar na mai ita ne. Rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani kuɗin ruwa ne, ko da dame ne na hatsi ba takardar kuɗi ba.

Kafin a biya kuɗin fili

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Filin da dillali ya nuna maka da rani yana da araha, koma ka gan shi a watan Agusta. A 2020 kogin Kwara ya karya madatsa ya shiga Lamorde a Yamai. A 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, a Damagaram kuwa har tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi. Gomnati ta rage farashin siminti a Oktoban shekarar don a sake gini, amma siminti ba ya mayar da tafki tudu.

A binciki takarda kamar yadda ake binciken asalin wanda ya zo neman aure. A cikin gari, a je ma'aikatar magajin gari a tabbatar filin yana cikin yankan hukuma, lambarsa ta yi daidai, sunan mai sayarwa ne a littafi, ba a kuma sayar wa wani ba. Wanda ya samu hali ya ci gaba har ya karɓi takardar mallaka ta dindindin; tun 2006 aka sauƙaƙa hanyarta da tsarin da aka raɗa wa suna "Sheda". A karkara kuwa akwai hukumomin filaye da dokar 1993 ta kafa. In filin na gado ne, a ga dukan magada, har mata da wakilin marayu. Hadisin Sa'idu bin Zaid yana nan a Bukhari da Muslim game da azabar wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, kuma wanda ya saya yana sane da cewa ƙwace ne, ya yi tarayya da mai ƙwacen.

Abin da ya rage a kanmu

Rance mai kyau, wanda babu ƙari cikinsa, shi ne maganin da Shari'a ta ajiye a madadin kuɗin ruwa. Me ya sa ya yi wuya a tsakaninmu? Mu faɗi gaskiya: ba rowar masu hali kaɗai ba ce. Masu taurin bashi ne suka toshe rijiyar. Mutum ya karɓa da kuka, a biya kuwa sai an kai ga mai unguwa, alhali ya sayi sabon babur. Annabi (S.A.W.) ya kira jinkirin mawadaci zalunci, ya kuma ja da baya daga sallar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shi kuwa da ya ranci ɗan raƙumi, da wanda ya fi shi ya biya, ba tare da an sharɗanta ba.

Shawararmu ga kwamitocin masallatai ita ce su kafa asusun rancen gida. Ga lissafi mai sauƙi: magidanta 100, kowa jika 1 duk Juma'a, a shekara miliyon 5 da jika 200 ke nan. Wannan ya isa a ranta wa mutum 10 jika 500 kowanne, abin da zai rufa wa mai tsayayyen gini ɗakinsa ya fita daga haya. Shekara ta biyu abin da aka mayar ya haɗu da sabon zubi. A fayyace tun farko cewa zubin sadaka ce mai gudana, ba ajiya ba. In kuwa ana son karɓar ajiyar jama'a, dokar ƙasa tana neman izini, sai a tuntuɓi hukuma. Kada a gauraya shi da kuɗin gyaran masallaci, kada kuma a gauraya shi da zakka, domin zakka mallakawa ake yi, ba a ranta ta. Kada mutum ɗaya ya riƙe shi, ko da liman ne. Mutum uku su sa hannu, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Kowane mai karɓa ya kawo mai lamuni, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. A fara da wanda ya riga ya mallaki fili mai takarda kuma ba shi da wani gida, kada a fara da ɗan'uwan shugaban kwamiti. Abin da aka kashe na takarda da hatimi ana iya karɓarsa daidai yadda aka kashe, ba a ƙirga shi a kan yawan rancen ko tsawon wa'adinsa.

Wanda ya gaza biya don talauci na gaskiya, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu. In ya rasu da sauran bashi, daga dukiyarsa za a fitar kafin a raba gado. In kuwa bai bar komai ba sai ɗakin da marayu ke ciki, to mabarta suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta a biya wa mamaci bashinsa daga zakka. Sai attajiran unguwa su biya masa daga zakkarsu, kuɗin su koma asusu, marayu su zauna a ɗakinsu.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.